Ran da Tagulla Ta Yi Magana a Harbo

Ni maƙerin fari ne, ban san kan kiɗa ba.
Na san tagulla a tafin hannu, na san nauyinta,
na san inda take tsagewa in wuta ta yi mata yawa.
Shi ya sa ran da motar 'yan badujala ta tsaya
a filin firamare, bayan tukubar masu tsire,
ba sauraro ya kai ni ba. Ƙarfe na je gani.

Bikin 'yancin kai ne, damina na naɗe tabarma,
an kwantar da gero, dawa ta fid da kai.
Su goma sha huɗu, fararen kaya, koriyar ɗamara.
Ɗaya ya rungumo wata ƙatuwa
a nannaɗe kamar hanjin sa,
bakinta ya fi faifan Ladidi faɗi.
Na ce a raina: wannan tasa goma ce,
har da rarar awarwaro.

Shugabansu siriri ne, ba ya riƙe da komai
sai ɗan tsinke.
Yara suka yi dariya.
Ya ɗaga tsinken. Dariyar ta maƙale.

Ƙananan suka fara, siririyar murya mai kaifi,
kamar zakarun gari uku sun haɗa baki.
Na tsakiya suka amsa, suka ɗora, suka ƙara ɗorawa,
yadda magini ke jera tubali.
Sannan ƙatuwar nan ta yi gyaran murya.
Ba a kunne na ji ta ba, a haƙarƙari na ji ta,
irin cidar da ke tasowa daga gabas
kafin hadari ya nuna fuska.
Balbelu suka watse daga kan gawo.
Jakin Barau ya tsinke igiya, ba wanda ya bi shi.

Saja Mati, da shekara tara ba ya tashi sai an kama shi,
na waiwaya na gan shi tsaye.
Sandarsa a ƙasa, hannu a goshi,
hawaye na bin furfurar gemu.
Yatsun hagunsa uku na taɓa iska,
suna neman abin da suka taɓa riƙewa.

Tsahare kurma ta tuɓe takalmi,
ta dasa tafin ƙafa a dandali, tana murmushi.
Iya Kande ta rangaɗa guɗa ba a inda ya dace ba,
kuma ta dace.
Cindo mai algaita ya taɓe baki:
"Busa ba kirari? Wa ake yaba?"
Amma na ga babban yatsansa na bin ganga.

Wa ake yaba, Cindo?
Ni ƙasar da na sani ita ce wadda garma ke tsagawa,
ɗayar kuwa ta rediyo ce, ta masu karɓar haraji.
Ran nan, tsawon shan kofin shayi ɗaya,
biyun suka zama guda a ƙirjina.
Ban san yadda aka yi ba. Numfashi ne kawai da ƙarfe,
mutum goma sha huɗu, ba mai danne wani.

Da tsinken ya sauka,
shirun ma sai da muka saurare shi
kafin tafi ya ɓarke.

Da la'asar wani cikinsu ya zo maƙera,
lafazinsa ba na nan ba, Hausarsa a karkace.
Likin begilarsa ya saki.
Na hura wuta a hankali, na ɗiga dalma,
hannuna na rawa kamar ɗan koyo.
Ya miƙo kuɗi, na ƙi.
Na ce: busa sau ɗaya, nan bakin zugazugi,
Saja Mati na bayan katangar can.