Teku a Bagalam

Kwafi ɗaya tak ya shigo unguwarmu,
cikin jakar Lawali direba, daga Kwatano,
bangonsa ya sha man inji, ya sha zufa.
Labarin mutum biyar ne cikin kwale-kwale:
uba, uwa, ƴaƴa uku, inji ya mutu,
bido ɗaya na ruwan sha, kwana goma sha tara.

Mu da gulbinmu kan yi wata tara yana yashi,
sai mun haƙa cikinsa mu ba tumatir ruwa,
ga mu ƙofar shagon Iro tela
muna gardamar igiyar ruwa kamar jikokin masunta.

Iro ya ce littafin ɓarawon barci ne.
Dare biyu yana bin sa da fitilar waya,
da safe ya ɗinke aljihun Alhaji ta baya,
har yau bai gama ba da haƙuri ba.

Mushe Illa, da ya yi shekara talatin da alli,
ya ce marubucin bai iya lissafi ba:
murfin kwalba uku a yini, baki biyar,
ai bidon ya ƙare tun ranar sha biyu.
Ya zana mana a ƙasa da tsinken shayi.

Lawali ya share da takalmi.
Ya ce, "Mushe, ka taɓa ganin teku?
Ni na tsaya gabanta ina jiran lodi,
ba ta da wancan ƙetare, ba ta jin lissafi.
Abu ɗaya na ƙi: kifin nan mai bin su,
an cika masa wayo, sai ka ce ɗan kamasho."

Habsu mai kantin magani uban ta tsana.
Kullum magariba sai ya nuna wa yara gajimare
ya ce ga tudu can, gobe za mu sauka.
"Maƙaryaci," in ji ta. "Uwar ce jaruma,
ita ke auna ruwa, ita ke hana kanta,
amma hotonsa aka sa a bango."
Iro ya ce ƙaryar ce ta riƙe yaran.
Ta ce to ya je ya sha ƙarya in ya ji ƙishi.

A nan muka gano abin da Lawali ya ɓoye:
shafi huɗu na ƙarshe babu su.
Ya naɗe ƙosai da su a Gaya, bai lura ba.
Littafin ya tsaya inda autar ta ga haske,
ba a san jirgi ba ne ko tauraro.

Mushe ya ce tauraro. Habsu ta ce jirgi,
amma uban ba zai kai ba.
Ni dai na ce a ƙara sukari.

Inna Tsahara mai fura ba ta karatun boko.
Jikarta ke karanta mata bayan isha'i,
shafi biyar, wani dare biyu.
Ɗanta Ma'azu ya kira ta daga bakin ruwan Libiya
shekara shida ke nan, ya ce gobe za su hau.
Ranar da ta maido littafin cikin leda
duk muka yi shiru, muka nemi abin kallo.

Ta ce, "An ce ƙarshensa ya ɓata."
Lawali ya sunkuyar da kai, ya ce zai sayo sabo.
Ta ce, "Kar ka sayo.
Nan inda ya tsaya, nan na san shi."

Ta ɗauki ƙwaryarta, ta tambayi Iro canjin dala ashirin,
ta bi hanyar kasuwa.
Littafin na nan bisa keken ɗinki.
Jibi Lawali zai koma Kwatano.
Ba wanda ya ba shi saƙo.