Gumin Wa?

Ƙarfe biyar da rabi, Bogotá ba ta gama farkawa ba,
gajimare na kwance kan dutse kamar bargon da aka manta.
Kawu Ovidio ya ɗaura agogo a wuyan hannu,
ya hau keken da ya girme ni,
ya nufi hawan Patios.
Shekara sittin da takwas, ga zuciya mai ɗinki biyu.

Ni ce Maritza, 'yar ƙanwarsa.
A ɗakin da ke saman gidan burodi, can Chapinero,
na kwashe shekara uku ina saƙa wata 'yar manhaja.
Ba ta da girma, ba ta da talla.
Aikinta ɗaya ne:
ta leƙa babbar manhajar nan da kowa ke riƙe da ita,
ta saurari zukatan tsofaffi masu taurin kai,
in bugu ya wuce kima ta ce,
sauka, sha ruwa, dutsen ba inda za shi.

Mutum dubu huɗu da ɗoriya suka amince da ni.
Akwai direban bas, akwai malamar lissafi da ta yi ritaya,
akwai Efraín mai matsa lemo a bakin kwana
wanda ke kiran kowa zakara, har mai tura kekensa.

Ranar wata Talata saƙo ya iso, babu sa hannun mutum.
Wai don kare sirrin jama'a,
nan da kwana talatin za a rufe ƙofa.
Sau uku na karanta. Kofi ya huce a gabana.
Sirrin wa?
Kawu da kansa ya miƙo mini makulli,
ya danna "na yarda" da yatsa mai baƙin man sarƙa.

Ba a rufa wata biyu ba suka fito da tasu.
Launinta ya fi nawa kyau, ban musa ba.
Har "sha ruwa" na ciki,
sai dai a biya duk ƙarshen wata.
Mai kasuwa ya ga rumfata na ciniki,
ya tashe ni, ya kafa tasa a gurbin.
In tsere ne, wanda ya fi ka ƙafa shi ke wuce ka.
Nan kuwa mai filin ne ya naɗe hanya kamar tabarma
ya rataya a kafaɗa,
sannan ya juyo yana tambaya, ina 'yan gasar?

Ban ce ba su gina komai ba.
Sun gina rumbu, babba, ba ya yoyo.
Hatsin fa, wa ya noma?
Kowane hawa, kowace haki, gwiwar da ta kumbura,
ruwan saman da ya jiƙa mu a hanyar La Calera,
duk an auna, an zuba, an datse.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lauya ta ce akwai hukuma mai sauraron irin wannan,
a cike takarda, a jira.
Kafin su kira ni sau ɗaya, mai gidan haya ya kira sau biyu.

Na ce, Kawu, cire agogon, mu koma wani wuri.
Ya yi shiru, yana murza birki.
Ya ce, hawan shekara goma sha ɗaya na ciki.
In na fita, wa zai shaida na taɓa hawa?

Don haka agogon na nan, yana ƙirga musu.

Amma ran Lahadi, a ƙololuwar Patios,
ya jingina keke da katanga,
ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuya, ya lumshe ido.
Na buɗe littafi, na ciro fensir daga cikin gashi.
Motoci na wucewa. Efraín na ihun zakara.
Ɗari da arba'in da biyu, in ji Kawu.
Rubuta.
Wannan nawa ne.