Akwatin Da Ya Suma

Wata biyu da binne mahaifina a tudun da ke kallon teku,
akwatinsa na naɗar shirye-shiryen talabijin ya bi sahu.
Jar fitila ɗaya, ƙyaf, ƙyaf,
sai wani ƙas-ƙas daga ciki
kamar ɓera na gwaguyar ƙayar kifi.

Na naɗe shi cikin tawul kamar jinjiri,
na gangaro matakalu ɗari da sittin na unguwarmu a Valparaíso
zuwa shagon Don Floridor,
mai tabarau ɗaure da zaren fatsa.

Ya kara kunne a murfin, ya daɗe.
"Maritza, wa ya ce miki ya mutu?
Suma ya yi."

Noti shida cikin farantin shayi.
Ƙurar shekara tara ta shaƙe wuyan fanka,
har da gashin kyanwarmu da ta riga kowa tafiya.
Da bakin sukundireba ya nuna min
'yan ganguna biyu a kan allon wuta,
kowacce ba ta wuce kan ɗan yatsa ba,
sun kumbura, sun yi tumbi, sun tsattsafo da tsatsa.
"Ga masu laifin.
Kuɗinsu bai kai na burodin safe ba."

Na ce a ciro faifan mana, a karanta a kwamfuta.
Ya ciro, ya jona.
Kwamfutar ta tambaya cikin ladabi
ko muna so ta goge shi, ya koma sabo fil.
Yatsana ya kai. Ya make min hannu.
"Kul! Faifan nan ba ya hira da baƙo.
A gidansu aka sa masa kwaɗo,
a gidansu zai buɗe baki."

Ƙarfen dalma ya ɗau zafi.
Siririn hayaƙi, ƙaurin ƙaro.
Hannun tsohon rawa yake in ya ɗaga kofi,
amma da ya riƙe ƙarfen nan
sai ya tsaya cak, kamar jirgi a kan anga.
Ɗigo huɗu masu sheƙi. Shi ke nan.

Ja.
Ja.
Kore.

Sunaye suka jeru a allo, ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Na zaci ƙwallo zan tarar,
don mutumin da ya shekara talatin yana loda jirage a tashar ruwa
bai san wata waƙa ba sai ta masu koriyar riga.
Wasa uku ne kacal.

Sauran duk shirin girki ne na safiyar Alhamis,
tun daga watan da mahaifiyata Uberlinda ta kwanta dama.
Yadda ake yanka albasa.
Wake da kabewa da ɗanyar masara.
Romon kifi, wanda ya kalla har ya bar alama
a minti na goma sha ɗaya, daidai wurin zuba gishiri.

Romon Lahadi ke nan,
da yake ajiye min yana kaɗa cokali:
"Haka uwarki take yi, a kaina yake."
Kai, Eleodoro! Ashe makaranta ka shiga a ɓoye,
kai kaɗai a aji, da rimot a hannu.

Takwas na ƙasa babu wanda ya taɓa buɗe su.
Akwatin bai samu labarin rasuwa ba,
ya ci gaba da tara wa maigida darasi.

Allon ya tambaya:
a ci gaba da naɗar ranar Alhamis?
Don Floridor ya juya yana neman noti na shida,
alhali ga shi nan cikin faranti.

Ban danna komai ba.
Na biya, na rungumi tawul ɗina.
A gindin matakala na tsaya wurin mai kayan miya,
na sayi albasa biyu.