Taƙi Ɗaya

Sau dubu da 'yan kai na mutu a Brno,
ban taɓa makara wajen karin kumallo ba.
Na mutu ina sarki, na mutu ina ɓarawon doki,
sau ɗaya ma ina limamin coci
da tsautsayi ya kai rabon faɗa.
Labule na sauka in miƙe, in kaɗe wando,
in wanke jinin sukari a famfon bayan dandamali.

Da safe aikina daban.
A ɗakin ƙasa na tsohuwar masaƙa
nake buɗe kundin da ya ba shekara ɗari biyar baya,
Jamusancin da ko Bajamushe sai ya yi tagumi.
Mutanen cikinsa, masu kumburarrun wanduna,
ba su zo duniya wasa ba:
nan wuya, nan hammata, nan inda sulke ya yi sakaci.
Likitan haƙori, direbar tarago, ɗalibai uku,
su rufe fuska da ragar ƙarfe,
in daka tsawa: same shi!

Da yamma in hau bene in ce: kuskure shi.

Taƙi ɗaya tsakanin ƙarfe da fata.
Cikin taƙin nan na biya haya,
na yi aure, auren ya mutu,
na sa Jarmila a makaranta har ta gama.

Saran dandamali da ido ake fara shi.
Ka dube ni, in dube ka,
kafaɗa ta yi sallama kafin hannu ya shigo.
Ɗaya, biyu, juya, uku.
Shekara goma sha ɗaya muna wannan ƙidaya
ni da Vendelín Skácel,
har numfashinsa na haddace.

Ashe gwani ruwa ke ci.
Wata Alhamis, ƙanƙara ta toshe titi,
takardar kotu na cikin aljihun rigata,
zuciyata na can tare da ita.
Ya ce biyu, na kai uku.
Dakusasshen takobi ai ƙarfe ne.
Ya dafe idon hagu, ya durƙusa,
jinin ya fi namu duhu, bai da ƙanshin sukari.

Ba a taɓa yi mana tafi irin na daren ba.
Har yau in an yi tafi
sai na duba hannuna.

Shekara biyu bai ɗaga wayata ba.
Na kai takubba bakin Svratka sau uku,
sau uku na dawo da su, don ban gama biyan kuɗinsu ba.

Ran wata Litinin ƙofa ta yi ƙara.
Ya shigo da ledar tuffa, ya zauna layi na uku,
ya ci ɗaya har ƙwallo, sannan ya ce:
"Yarinyar can tana sakin gwiwar hannu."
Iyakar gaisuwar ke nan.

Ido ɗaya ba ya auna nisa,
sai ya koma aunawa da kunne.
In ƙarfe ya yi kuka da wuri, ya buga sanda a ƙasa,
kowa ya koma farko, har ni.

Yanzu ina da sittin da ɗaya, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Květa, mai zafin hannu, ta ɗaga takobi,
in miƙa mata fuskata,
in ce: dube ni tukuna.
Daga layi na uku muryarsa na ƙirga mana.

Bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba.
In an tashi mukan je shan miyar tafarnuwa
a shagon da ke bayan tasha.
Shi ke zaɓen tebur, ni ke biya.
A hanya ina bin hagunsa,
gefen da motoci ke ɓullowa.