Awa Biyu Tsakani

Ni mai shayi ne a bakin kasuwar Yelwa,
shekara sha ɗaya ina hura wuta kafin assalatu.
Abin da hannuna ya iya ke nan,
shi nake bayarwa in ina son mutum.

Da Lantana ta sauka a haihuwa ta uku
sai ta koɗe kamar zanen da ya sha wanki.
Tulun da take sunkuta da hannu ɗaya,
yanzu hutu biyu tsakanin rijiya da ƙofa.
Wata Laraba na same ta a bayan ɗaki
tana gutsurar farar ƙasa kamar ƙuli.
Ta ce, "Raina ke so, ban san dalili ba."
Sai na ƙara mata ganye,
na dafa ya yi kauri, na tuttula madara,
safe, rana, dare.

Sista Rifkatu 'yar Zuru ba ta da yawan magana.
Ta ja fatar idon Lantana da yatsa:
fari fat, kamar cikin ƙwaryar nono.
Aka ɗibi jini, aka dawo da takarda.
Ta ƙirga jajayen ƙwayoyi a 'yar leda,
ta ce ƙarfe ne jinin ya rasa.
Na yi dariya, ƙarfe ai na maƙera ne.
Ita ba ta yi ba.
"Me take sha da safe?"
Na bugi ƙirji.
"To, shayinka ke tare hanya.
Awa biyu tsakaninsa da ƙwaya, kar su ko gaisa."

Na dawo gida kamar wanda kwalekwale ya bari a gaɓa.

Kwana huɗu, Lantana ta ce ta gaji.
Baki kamar ta kwana tana tsotsar ƙusa,
zuciya na tashi, ciki ya ɗaure tamau,
bayan gida baƙi kamar gindin tukunyata.
Wannan ne ya tsorata ta.
Ta cusa ledar ƙarƙashin katifa,
ta ce gara jirin da ta saba da shi.

Na koma asibiti ni kaɗai,
ina murza hula, ina neman ta inda zan fara.
Sista ta ce baƙin ba komai, ragowar ƙarfen ke wucewa,
sai in da jini, ko murɗa mai tsanani,
wannan kam ku taho ko tsakar dare.
Ta sha bayan isha'i, a kan 'yar loma,
ta kora da ruwan lemo ko jiƙon tsamiya.
Ruwa da yawa. Gwanda. Zogale.
In cikin ya ƙi, akwai dabara,
amma ni zan sauya, ba ku ba.
"Kuma ledar nan a rataye ta sama,
a idon yaro alewa ce."

Sai na shiga koyon sabuwar sana'a.
Na buga ƙusa can bisa ƙyaure.
Na iya zaɓen lemo mai ruwa daga nauyinsa.
Na'Allah mahauci yana ajiye min hanta ran kasuwa,
rabi kuɗi, rabi sai Allah ya hore.
Duk daren da ƙwaya ta wuce
sai in ja layi da gawayi a bango.
Akwai giɓi biyu, ranar sunan 'yar ƙanwarta
da ranar da ni na manta.

Layi arba'in da bakwai.
Shekaranjiya ta shigo da tulu ba ta tsaya ba,
ta dire shi, ta hau ni da faɗa kan kuɗin cefane
da wata murya da na manta tana da ita.
Na tsaya ina saurare kamar mai jin kiɗa.

Ta ce tunda ta warke a daina.
Sista ta ce ciki ne ya ƙoshi, rumbu bai cika ba,
saura wata uku.

Daren jiya ta miƙo kofi,
na miƙa mata lemo.
Ta harare ni, ta ce,
"Ina aka taɓa mai shayin da ke hana shayi?"
Na ce, a Yelwa.
Ta haɗiye, ta yamutsa fuska.
Na ɗauki gawayi.