Gurbi a Saman Jeri

Ƙarfe ɗayan dare a Sheffield,
yayyafi na lasar taga,
Barira na gyaran fom ɗin asibiti.
Ka danna akwati, jeri ya zubo:
mai aure, gwauro, wanda aka yi wa rasuwa.
In ba ka zaɓa ba
shafi ya yi ja, ya kafe.

Jiya ta ga kawu Tukur,
yatsa bisa waya ya ƙi sauka.
Inna Laure tana nan da ranta a gidan tsofaffi,
kullum dai sai ta tambaye shi sunansa.

Barira ta ƙara layi guda a sama,
ba komai cikinsa.
Ta gwada. Shafi ya wuce
bai ce uffan ba.
Shayinta tuni ya huce.