Ɗari Biyu da Shida

A ajinmu na Jega akwai wani baƙo
rataye da ƙugiya a kusurwa,
ba tsoka, ba fata, ba suna,
haƙora waje, yana dariyar da ba ta ƙarewa.
Na roba ne, da waya aka harhaɗa shi.
Malam Tukur ya ɗora tsinin sanda a ƙoƙon kansa:
"Ɗari biyu da shida. Ku rubuta."
Na rubuta.

Haƙarƙari sha biyu dama, sha biyu hagu,
akurkin da zuciya da huhu ke kwana ciki.
Ƙashin baya carbi ne, ƙwaya bisa ƙwaya,
shi ya sa muke iya ruku'u.
Kan cinya dunƙule yake kamar taɓarya,
kwatangwalo ya yi masa turmi.
Gwiwa kuwa ƙyaure ce,
hanya ɗaya ta sani, buɗe da rufe.

Duk na san su kafin in san baƙi.
Ni 'yar Nomau ce, maɗorin bakin kasuwa.
Ran da ciniki ya yi kyau
sai ya sayo ƙafar akuya wurin Arzika mahauci,
ya hana a sa ta a tukunya,
ya feɗe gaɓar da 'yar wuƙa, ya ce in sa yatsa.
Santsi na ji, guringuntsi fari kamar ɓararren ƙwai,
da ɗan ruwa mai yauƙi irin na kuɓewa.
Sai ya ɗago wani zare mai tauri:
"Ja, ɗiyata." Na ja, ya ƙi tsinkewa.
"Wagga jijiya ita ar riƙon gida.
Ƙashi da ƙashi ba su san juna ba,
ita ka haɗa su zumunta."

A aji an raba mana jijiya biyu:
mai ɗaure ƙashi da ƙashi,
da mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara.
Baba bai taɓa raba musu suna ba,
amma da aka kawo Ige ta faɗo daga amalanke,
idon sawu ya kumbura kamar gwanda,
ya lumshe ido, ya bi da babban yatsa,
ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne,
igiyar ce ta miƙe fiye da ƙarfinta.
Bai ɗauko karan ɗori ba.
Man shanu, tsumma, da kwana goma ba rawa.

Hutun nan na tarar da shi a zaure
ya miƙe ƙafa bisa buzu.
Sallah a zaune yake yi yanzu.
Na durƙusa, na tallabi ƙoƙon gwiwarsa,
na lanƙwasa a hankali,
na ji ƙarar dutsen niƙa da ba hatsi.
Guringuntsi ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi.
Na san sunan abin a littafi.
Ban faɗa ba.

Ya ce, "To, nawa anka ce muna da su?"
Na ce ɗari biyu da shida,
amma jariri ya fi mu yawa,
nasa ne ke haɗewa yana girma,
har maɗiga ta rufe.
Ya yi shiru yana taɓa tsakar kansa.
"Ashe raguwa mukai."
Sai ya yi dariya har haƙarƙarinsa suka fito sarai
ta wuyan taguwa.

"Ni ban taɓa ƙirga su ba.
Wanda yay yi kuka shi nika zuwa gaisarwa."

Da yamma aka shigo da wani yaro,
ya faɗo daga mangwaro, hannu ya karye.
Baba ya dubi yatsunsa da ke rawa,
ya dube ni,
ya tura mini damin kara da ƙafa.